Siki guda ɗaya don daɓe, kunyoyi da cikin itatuwa: wanne zan ɗauka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum mutanen zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar zamiya a dusar ƙanƙara. Hunturuna na huɗu ke nan tun da aiki ya kawo ni Burlington, a jihar Vermont ta Amurka. Sikin da nake hawa, wato dogon katakon da ake ɗaurawa a ƙafa a zame da shi, na hannu ne, a kasuwar tsofaffin kaya da ake ci kafin sanyi ya shigo na tsince shi, tsawonsa santimita 165, faɗin ƙugunsa, wato tsakiyarsa inda ƙafa ke zama, milimita 76. Ya yi mini hidima, ba zan yi masa butulci ba, amma yanzu ji nake kamar na hau keken yara. In na ɗan saki gudu sai hancinsa ya hau rawa, in na bar hanyar da aka gyara kuma sai ya nutse.

Wuraren da nake zuwa su ne Bolton Valley da daddare bayan an tashi aiki, Sugarbush ranar Asabar, sai Jay Peak in an samu abokin tafiya. Kun dai san halin dusar Vermont, yau gari, gobe ruwan sama ya sauka a kanta, jibi ta daskare ta koma daɓen siminti. Guda ɗaya tak zan saya, uwargida ta riga ta yanke wannan hukunci. Ina son wanda zai kama ƙasa da safe in ta yi tauri, ya bar ni in koyi kunyoyi ba tare da ya karya mini gwiwa ba, ya kuma yarda ya juya a tsakanin itatuwa. Tsayina 176, nauyina kilo 78. Huɗu nake ta juyawa a rai: Völkl Mantra mai ƙugu 96, Nordica Enforcer 94, Blizzard Rustler 9, da Elan Ripstick. Don Allah wanda ya hau ɗaya daga ciki ya yi magana.

Na Gida:
Wa alaikumus salam. Mu nan Kano ɗan hazon da aka yi ya sa mun ɗage wankan asuba zuwa azahar, kai kuma kana can kana biyan kuɗi don ka je ka faɗi a cikin firji. Kuma wace dusa ce wannan da ake ta magana, ta awaki? Su kunyoyin fa, noma kuke yi a kan dutsen?

Kawu Damagaram:
Na Gida, ka taɓa ganin gonar doya bayan an tara ƙasa tsibi-tsibi? To ɗauki wannan gona ka jingina ta a jikin tudu mai gangara, ka shafe ta da ƙanƙara. Su ne kunyoyin. Ba wanda ya gina su. Kowane mai zamiya in ya juya sai ya ture dusa gefe, na bayansa ya bi ramin da ya bari ya ƙara turewa, kafin la'asar fili ya zama tsibi da kwari. In motar gyara ba ta bi ta kansu ba, haka za su yi ta girma, wani ya kai ƙugun mutum.

Ɗana Ɗan Fagge, sama da shekara ashirin nake wannan abu daga Montreal, Sutton da Tremblant su ne gonata. Kafin in ba ka suna ina da tambaya. A cikin kwana goma da ka fita, nawa ne ka tarar da sabuwar dusa da ta rufe idon sawu?

Ɗan Fagge:
Kawu, in na faɗi gaskiya, ɗaya. Biyu in Allah ya so ni da rahama.

Kawu Damagaram:
To ka saya wa kwana takwas ɗin siki, ba biyun ba.

Bazazzagin Denver:
Kawu ina girmama ka, amma kada a tsorata Bakanon nan ya sayi tsinken sakace. Malam, nemi mai ƙugu 100 zuwa 104 ka huta. Nawa 104 ne, da shi nake shiga ko'ina, har kunyoyin Mary Jane a Winter Park, waɗanda duk Amurka an san da zamansu. Sikin zamani ba irin na da ba ne, mai faɗi ma yana yanka ƙasa. Ranar da dusa ta zubo a Jay Peak za ka yi mini addu'a.

Ɗan Fagge:
Bazazzagi bai taɓa ba Bakano shawarar da ba ta da rami a ciki ba, amma ci gaba, ina ji.

Kawu Damagaram:
Na Denver, abin da kuke kira ƙasa mai tauri a Colorado, mu nan ranar biki ce. Dutsenku na da tsawo, iskarku busasshiya ce, dusar takan zauna kamar alli, kaifi na shigarta. Tamu ruwa ke dukanta a tsakiyar Janairu, rabinta kuma inji ne ya fesa ta, ta inji kuwa ta fi ta sama nauyi da saurin daskarewa. Akwai safiyar da za ka duba ƙasa ka ga tana ƙyalli shuɗi-shuɗi. Ba banza mutane suka laƙaba wa Whiteface ta jihar New York sunan fuskar ƙanƙara ba. Zo da 104 ɗinka can ranar da ta daskare mu sha kallo.

Bazazzagin Denver:
Ai na taɓa zuwa Killington sau ɗaya.

Kawu Damagaram:
Yaya ka ƙare?

Bazazzagin Denver:
Shayinsu na da daɗi.

Mai Magagari:
Salam. Ni a shagon gyaran siki nake ɗan taɓa aiki ƙarshen mako a New Hampshire, don haka bari in zo ta ɓangaren da hannuna ke taɓawa.

Maganar faɗi ba ra'ayi ba ce kawai. Kaifin siki a gefensa yake, ƙafarka kuma a tsakiya. Duk yadda ƙugu ya ƙara faɗi, kaifin na ƙara nisa da ƙarƙashin ƙafarka, sai ka ƙara karkata kafin ya ciji ƙasa, kuma sauyawa daga wannan kaifi zuwa wancan na ɗaukar lokaci. A buɗaɗɗen fili ba za ka damu ba. A cikin kunyoyi, inda juyi ke bin juyi kafin ka ƙifta ido, nan za ka ji shi. Duba masu gasa: sikin maza na silalom, gasar kewaya sanduna a gangara, tsawonsa 165 ne, ƙugunsa wajen 65. Masu gasar kunyoyi ma nasu siriri ne, bai kai 70 ba, kuma kusan miƙaƙƙe. Ba cewa nake ka sayi irin nasu ba, a cikin itatuwa zai nutse da kai. Amma ya nuna maka inda tauri da kunyoyi ke jan mutum. Itatuwa kuma suna jan ka ɗaya gefen. Tsakanin 88 da 96 nan ne ake sulhu, kuma ga wanda ke Vermont ni na fi karkata ga ƙasan wannan lissafi.

Sai dai abin da mutane ba sa dubawa, wanda ya fi faɗin muhimmanci a wurina, shi ne wutsiya. Ɗora siki a kan tebur ka duba shi ta gefe. Tsakiyarsa na da ɗan doro, ba ya taɓa teburin. Wannan doron shi ne in ka taka ya baje, ya danna kaifi tun daga gaba har baya, shi ke ba ka riƙo a kan daɓe. Hanci da wutsiya kuma a ɗage suke kamar ƙarshen kwalekwale. In wutsiya shimfiɗaɗɗiya ce mai tauri, za ta riƙe juyi har ƙarshe ta cilla ka cikin na gaba, abin daɗi a hanyar da aka gyara. Amma a kunyoyi, da zarar nauyinka ya koma baya, wannan wutsiyar za ta harba ka kamar jakin da aka tsikara. In ta ɗan ɗagu kuma tana da sassauci, za ta yarda ka goge juyin, ka murza siki a wuri ɗaya, ka rage gudu a ƙaramin fili. Abin da kake bukata ke nan tsakanin itace da itace.

A cikin huɗun da ka lissafa, Mantra da Enforcer na gidan ƙarfe ne, masu nauyi, masu kwanciya a ƙasa. Rustler 9 na da ƙarfe amma an rage shi wajen hanci da wutsiya, kuma wutsiyarsa ta fi ɗaguwa. Ripstick ba ƙarfe a cikinsa, sandunan kabon ne, ga shi da sauƙin nauyi, kuma yana da na dama da na hagu, ba a musanya su.

Ɗan Zango:
Tsaya Mai Magagari, ni a Bronx nake, sau uku ko huɗu nake fita a shekara, Hunter Mountain ko Belleayre. Wannan ƙarfen da ake rubuta Ti a jikin siki, taitaniyom ne? Don na ga duk mai wannan harafi ya fi tsada.

Mai Magagari:
Sunan ne ke ruɗin mutane. Titanal ake ce masa, wani kamfanin Ostiriya ke yin sa, kuma asalinsa gaurayen alminiyom ne. Falle ne siriri, bai kai milimita ɗaya ba, ake shimfiɗa shi sama da ƙasan katakon ciki. Aikinsa shanye girgiza da hana siki murɗewa. Ka san yadda tsohuwar Marsandi ke bin hanyar burji ba ka ji komai, ƙaramar mota kuwa haƙoranka na kaɗawa? To haka.

Bazazzagin Denver:
Shi ya sa na ce in dai dole sai siriri, to ya ɗauki Mantra ya wuce wurin. Ƙarfe shi ne siki. Sauran duk kayan wasan yara ne.

Maman Ikram:
Malam na Denver, a yi hattara da wannan magana. Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a Boston, daga Janairu zuwa Maris gwiwoyin masu siki ne abincinmu. Yawancin waɗanda ke zuwa ba a gudun farko na safe suka ji ciwo ba. Bayan azahar ne, cinya ta gaji, mutum ya koma zaune a bayan takalmi, siki ya gudu ya bar shi, ya yi ƙoƙarin miƙewa, jijiyar cikin gwiwa ta tsinke. Siki mai nauyi da tauri ba shi da laifi a ƙafar wanda ya iya, amma yana cin ƙarfi, kuma ba ya yafe kuskure. Ɗan Fagge da bakinsa ya ce koyon kunyoyi yake yi. Wanda ke koyo ai kuskure ne sana'arsa.

Ni Black Pearl 88 nake hawa shekara da shekaru, da shi na sauka kunyoyin Outer Limits a Killington, a hankali dai, ina tsayawa ina salati, amma na sauka. Mai gidana ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, nasa mai ƙarfe biyu ne, kuma kullum shi ke fara cewa a je a sha shayi.

Abu na biyu, ƙanena, kada ka ɗaura maɗaurin takalmi da kanka, kada kuma ka ƙara lambarsa don wani ya ce na ƙwararru sama take. A shago ake saita shi da nauyinka, tsayinka, shekarunka, tsawon tafin takalmi da irin hawanka. An yi shi ne ya sake ka kafin ƙashi ya karye.

Ɗan Fagge:
Na gode Anti. Wato dai a cire Mantra?

Kawu Damagaram:
Ban ce a cire ba tukuna. Ni na yi shekaru a kan Brahma 88, mai ƙarfe biyu, wanda yanzu suka maye gurbinsa da Anomaly, kuma da shi nake shiga kunyoyi lafiya lau. Ƙarfe na da ranarsa. In kunyoyi suka daskare, bayan kowane tsibi ya zama gilashi, siki marar nauyi sai ya riƙa tsalle yana zamewa, mai nauyin kuwa ya zauna daram. Abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, amma ni a nawa ganin ba ƙarfen ne matsala ba, tsawo ne. Samari na sayen siki mai tauri kuma su ƙara da tsawon da ya wuce kansu don kada a raina su a layin hawa. Taura biyu ba ta taunuwa. In za ka ɗauki mai ƙarfe, sauko da tsawo. In za ka ɗauki mai sassauci da ɗagaggiyar wutsiya, hau sama kaɗan, don ɓangaren da ke taɓa ƙasa gajere ne.

Mai Magagari:
Kawu ya faɗi daidai. Ga mai tsayi 176, Enforcer na zuwa a 173 da 179, Mantra a 170 da 177, Rustler a 174 da 180. Kuma in Völkl ɗin ne ya shiga ransa, akwai mai ƙugu 88, wanda a da ake kira Kendo, yanzu shi ma Mantra 88 suke ce masa. Ya fi dacewa da Bolton da daddare fiye da 96.

Amma bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai zo shago ya ce sikinsa ba ya kama ƙanƙara, yana son sabo. In juya shi in shafa farce a kaifin, ko gezau, kamar bayan cokali. Shekara biyu ba a wasa shi ba. Kaifi mai kyau in ka goga farce a kansa sai ya ɗan kankare farcen. Siki mai arha da aka wasa jiya ya fi mai tsada da ya dakushe, a kan daɓe dai. Ka ce a wasa maka kaifin da karkatar digiri 1 a ƙasa, 2 a gefe, in kana son cizo sosai 3. Ka sayi ɗan dutsen goge kaifi ka sa a aljihu, don duk wanda ke shiga itatuwa a gabashin Amurka sai ya taka dutse, kuma ƙaramin zazzaɓin da dutse ke bari a kaifi shi ke sa siki ya riƙa kamawa yana saki.

Ɗan Fagge:
Kunya ta kama ni. Nawa tun da na saye shi sau ɗaya aka wasa.

Na Gida:
Ashe ku ma kuna da masu wasa wuƙa. In aiki ya yi muku yawa akwai wani a bakin kasuwar Rimi, da kekensa da komai.

Ɗan Zango:
Ni tambayata kuɗi. Wani abokin aikina ya ce in ba Stöckli ba duk ɓata lokaci ne. Na duba Stormrider 88, ya haura dala dubu, ban da maɗauri. Na rufe wayar na yi istigfari.

Mai Magagari:
Siki ne mai kyau ƙwarai, a Suwizalan ake yin sa, kuma laushin tafiyarsa a kan tauri ba a magana. Amma mai shiga itatuwan Vermont a watan Disamba da shi, zuciyarsa ce za ta fara tsagewa kafin ƙasan sikin. Kai da ke fita sau huɗu a shekara, haya ta fi maka, ka zuba kuɗin a takalmi. Ɗan Fagge kuma, in zai iya haƙuri zuwa ƙarshen Maris ko Afrilu, shaguna na karya farashi, har da waɗanda aka ba da gwaji a hunturun, da maɗaurinsu a jiki. Sau da yawa fenti kawai ake sauyawa daga shekara zuwa shekara, cikin bai canza ba.

Ɗan Zango:
Araha dai ba ta ado, amma ta hana bashi.

Kawu Damagaram:
Tunda an zo maganar itatuwa, ɗana, saurara, wannan ta fi zaɓen siki. Kurmin gabas ba irin na yamma ba ne. Na Denver na yawo tsakanin manyan itatuwa da fili kamar an share. Namu a matse suke, ga rassa a daidai fuska, ga kututture da saiwa kwance ƙarƙashin dusa ɗan kaɗan. Kuma kwana ɗaya bayan an yi zubi, hanyoyin cikin kurmin sun riga sun zama kunyoyi, sai dai kowane tsibi da itace tsaye a kansa. Shi ya sa nake cewa wanda bai iya kunyoyi ba bai iya itatuwa ba, abu ɗaya ne.

Shekarun baya a Sutton, farkon hunturu, na shiga da wani siki mai shimfiɗaɗɗen hanci. Hancin dama ya shige ƙarƙashin wani reshe da dusa ta ɓoye. Sikin ya tsaya, ni ban tsaya ba. Allah ya sa maɗauri ya sake ni, na tashi da bakina cike da dusa, hular kwano ta tsage ta gefe. Daga ranar na daina raina ɗagaggen hanci, na kuma daina shiga kurmi kafin dusa ta yi kauri.

Cire igiyar sanda daga wuyan hannunka kafin ka shiga, in sanda ta maƙale a reshe gara ta tafi ita kaɗai da ta tafi da kafaɗarka. Kada ka kalli itace, kalli tsakaninsu, ƙafa na bin ido ne. Kuma kada ka shiga kai kaɗai ko da wasa.

Bazazzagin Denver:
Nan kam ba gardama. Mu a yamma har da ramin gindin itace muke tsoro, inda rassa ke hana dusa cika wurin, mutum ya faɗa da ka ya kasa fita. Amma har yanzu ina kan bakana, ranar zubi 88 zai ba shi haushi.

Maman Ikram:
Ranar zubi ya yi hayar mai faɗi. Kwana biyu ne a shekara.

Bazazzagin Denver:
Hajiya kin kashe bakina.

Wani Baƙo:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan ina ganin ɓarnar kuɗi ce. Abin da za a kashe a katako biyu zai ciyar da gida guda a ƙauye wata da watanni. Ga azumi ma ya kusa.

Ɗan Fagge:
Malam, ban fasa aika na gida ba. Amma wata biyar ana sanyi a nan, rana na faɗuwa tun kafin biyar na yamma. Hunturuna na farko a ɗaki na yi shi, na kusa zaucewa. Wannan abin ne ya fitar da ni waje.

Mai Unguwa:
Jama'a, a tsaya kan tambayar da aka yi. Mai son muhawarar yadda ake kashe kuɗi ya buɗe nasa zaren. Ɗan Fagge, an ba ka abin da ya isa. Je ka gwada ka dawo mana da labari, sai an gwada akan san na ƙwarai. Shaguna da yawa a gindin dutse na ba da gwaji, ka sauya biyu ko uku a yini ɗaya, wasu ma su cire kuɗin gwajin daga farashi in ka saya.

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, na dawo bayan mako biyu. Asabar ɗin da ta wuce na yi gwajin a Sugarbush, kuma Allah ya ba ni irin ranar da nake nema: an yi ruwa ranar Alhamis, ya daskare, suka bi da mota suka kankare sama-sama. Kawu ya ce in riƙa bin hanya ɗaya da kowane siki, haka na yi. Gangara ɗaya da aka gyara, layin kunyoyi ɗaya, sai ɗan kurmi mai sauƙi tare da wani abokin aikina.

Na fara da Mantra 177. A kan daɓe ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ƙarar kankara da na saba ji a ƙarƙashina ta koma wani siririn sauti kamar ana yanka takarda, na sami kaina ina gudun da ban taɓa yi ba kuma hankalina kwance. Na ce shi ke nan, na Denver ya yi gaskiya. Sai na shiga kunyoyi. Tsibi na farko lafiya, na biyu lafiya, a na uku na ɗan koma baya, abin da Mai Magagari ya faɗa kuwa ya faru harafi da harafi. Na tsallake tsibi biyu ban yi niyya ba, na ƙare a gefe ina rungume da wani ɗan itace kamar na ga ɗan'uwana. Laifina ne ba na sikin ba, amma ni ɗin ne zan riƙa hawansa.

Ripstick ban same shi ba, wani ya riga ni ɗauka. Rustler 9 a 174 shi ne akasin na farko. A kurmi kamar yana karanta zuciyata, ina tunanin juyawa ya riga ya juya. A kunyoyi na yi juyi goma sha biyu a jere ban tsaya ba, abokina ya ƙirga. A kan gilashin safe kuwa yana riƙewa, amma sai na lallaɓa shi, in na matsa gudu ina jin hancin na ɗan kaɗawa.

Enforcer 94 na karɓa a 173, duk da yaron shagon ya so ya ba ni 179. Yana tsakanin biyun, amma ya fi kusa da Mantra. Ya kama tauri sosai, kuma gajartarsa ta sa na iya murza shi a kunyoyi. Sai dai wajen ƙarfe biyu na rana cinyoyina sun fara wuta, na tuna maganar Anti na sauka.

Zuciyata na kan Rustler. Kaina na cewa Enforcer, saboda kwana takwas ɗin Kawu.

Kawu Damagaram:
Da wanne ka yi dariya?

Ɗan Fagge:
Rustler.

Mai Magagari:
To ɗauke shi, a yi masa digiri 3 a gefe, rabin abin da ka rasa a kan tauri zai dawo. Amma wata tambaya: da ka ce kana komawa baya a tsibi na uku, diddigenka na ɗagawa a cikin takalmi?

Ɗan Fagge:
Yana ɗagawa kaɗan. Lamba 28 ne, tare da tsohon sikin na saye shi. Nakan sa safa biyu ya cike.

Maman Ikram:
Safa biyu! Inna lillahi.

Mai Magagari:
Cire safar, ka taka takarda ka auna ƙafarka daga diddige zuwa babban yatsa, da santimita. Lambar takalmin siki ita ce wannan tsawon.

Ɗan Fagge:
Na auna. 26 da ɗigo 3.

Mai Magagari:
Malam, kusan lamba biyu ya fi ƙarfinka. Hunturu uku kana tuƙa mota da sitiyarin da ya kwance. Kada ka biya kuɗin siki tukuna. Nemi mai gwada takalmi na gaske, wanda zai cire cikin ya sa ƙafarka a ƙoƙon ya duba tazarar bayan diddige, ka je da siririyar safa guda ɗaya, ka ware awa biyu. In ka samu wanda ya zauna, koma ka sake gwada Enforcer ɗin da Rustler, don ba lallai ne amsar ta zama ɗaya ba.

Bazazzagin Denver:
Har Mantra ma a sake ba shi dama.

Ɗan Fagge:
Wa zai je ya yi wa uwargida bayani cewa abu ɗayan da ta amince da shi ya zama biyu?

Kawu Damagaram:
Ni dai Montreal nake, da nisa.